Shin Hrabal ya ci amanar 'yan uwansa marubuta a 1975?

Bashir: Salam jama'a. Maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba amma dole in faɗa. Ni a wajena Bohumil Hrabal ya ci amanar 'yan uwansa marubuta. Kowa sai yabo yake wai gwanin marubutan Cek, eh na yarda ya iya rubutu, amma a watan Janairun 1975 mutumin nan ya yarda aka buga hira da shi a mujallar Tvorba ta 'yan kwaminis yana nuna shi fa yana tare da tsarin, don kawai a sakar masa mara a ci gaba da buga littattafansa. A shekarar nan dai, watan Afrilu, marubuci Václav Havel ya rubuta wa Gustáv Husák, shugaban jam'iyyar kwaminis mai mulkin Cekoslobakiya a lokacin, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana gaya masa tsoro ne kaɗai ke riƙe da jama'ar ƙasar. To ku gaya min me ake kiran abin da Hrabal ya yi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Bashir. Ka fara labarin daga tsakiya ne ɗana. Tankokin Sobiyet da ƙawayenta sun shiga Cekoslobakiya daren 20 ga Agustan 1968, aka murƙushe sauyin sassauci da shugaban jam'iyyar kwaminis Dubček ya faro, Afrilun 1969 Husák ya karɓi jam'iyya. Zuwa 1970 an haramta Hrabal, littattafansa biyu da aka riga aka gama bugawa aka kwashe aka niƙa su suka koma takardar banza. Mutumin da a 1968 fim ɗin da aka yi da labarinsa ya ci Oscar. Shekara 5 yana rubutu yana cusawa a durowa, kuma lokacin hirar nan yana da shekara 60. Ka sa wannan a ma'auni tukuna.

Bashir: Malam da girmanka, shi kaɗai aka haramta? Marubuci Ivan Klíma har sharar titi ya yi, Havel ya yi aikin ƙarfi a kamfanin giya a Trutnov a 1974. Su ba su da ciki ne?

Anti Rabi: Bashir na da hujja fa Malam, kar mu shafe ta don muna son mutum. Abin da ke min ciwo ba hirar ba ce ita kaɗai, amfanin da gwamnati ta yi da ita ne. Gwamnatin da ta kori ɗaruruwan marubuta da malaman jami'a ta mai da su masu hura tukunyar ɗumama gidaje da masu wanke taga, tana bukatar babban suna guda da za ta nuna wa duniya ta ce ga shi nan, adabi na nan lafiya lau. Hrabal ya ba ta sunan. Kuma ba mu ne muka fara jin haushi ba, 'yan ƙasarsa ne, Ivan Jirous, mawaƙi ɗan adawa, da samarin da ke tare da shi har ƙona littattafan Hrabal suka yi a tsibirin Kampa cikin Prag, kuma Jirous ɗin nan ba ɗan surutu ba ne, sama da shekara 8 ya yi a kurkuku in aka haɗa ɗaurin da aka yi ta masa. In irinsa ya yi fushi ni ba zan ce masa ya yi haƙuri ba.

Zainab: Anti ni kuma ƙona littafin nan ne ya tsaya min a rai wlh. Gwamnati ta niƙa littattafansa, 'yan adawa sun ƙona, to shi ina zai sa kansa

Anti Rabi: Ban ce ƙonawar daidai ba ce ƙanwata. Na ce fushin na da dalili.

Yaya Nura: Bari in shigo. Akwai abin da ku duka kuka tsallake, wato me ya ci gaba da yi bayan 1975. Hrabal bai daina ba wa 'yan samizdat, wato masu buga haramtattun rubuce-rubuce a ɓoye, rubutunsa ba. A lokacin marubuci Ludvík Vaculík na tafiyar da irin wannan bugun ɓoye mai suna Petlice tun farkon shekarun 1970, ana buga littafi da tafireta, a jera takarda marar kauri da kabon a samu kwafi goma ko kusa da haka a bugu ɗaya, na ƙasan ma da ƙyar ake karantawa, a ɗinke a miƙa hannu da hannu. Manyan littattafan Hrabal ta nan suka bi, wasu kuma aka tsallaka da su waje maɗaba'un 'yan gudun hijira suka buga, irin wadda Josef Škvorecký da matarsa Zdena Salivarová suka kafa a Toronto a 1971. Labarin Hrabal na mutumin da ya shekara 35 yana danne tsofaffin takardu da littattafan da aka yar a injin matsa takarda, wanda shi kansa Hrabal ya yi wannan aikin a shekarun 1950 duk da digirinsa na lauya, cikakkensa bai fito a hukumance ba sai 1989. Wanda ya sayar da kansa gaba ɗaya ba ya rubuta irin wannan littafin a ƙasar da ake niƙa littattafai.

Bashir: Yaya ai ka ƙara min hujja. Kenan hannu biyu yake ci. Na hukuma a datse a gyara a sayar a kanti ya karɓi kuɗi, na gaskiyar kuma wata baiwar Allah ta kwana tana bugawa a tafireta, in 'yan sandan ciki na StB suka fasa gida ita za a kama ba shi ba.

Yaya Nura: Wannan kam ka taɓa inda ke da zafi, yawancin masu bugun nan mata ne kuma ba a cika ambaton su ba. Amma ka tambayi kanka mutum nawa kwafi goma zai kai wa. A wancan lokacin ranar Alhamis ake fito da sabbin littattafai a ƙasar, mutane su yi layi bakin kanti tun safe, in na Hrabal ne kafin ka ankara ya ƙare. Ma'aikacin masana'anta a Ostrava wanda bai san kowa cikin 'yan adawar Prag ba, datsattsen nan shi ne kaɗai abin da ya taɓa isa hannunsa da ba farfaganda ba.

Malam Habu: Bashir tunda Havel ne ma'auninka to mu duba Havel ɗin. An fitar da Charta 77, takardar neman gwamnati ta mutunta haƙƙin ɗan adam, a Janairun 1977, mutum 240 da 'yan kai suka fara sa hannu, masu magana da yawunta uku, Havel, Jiří Hájek da Jan Patočka. Patočka dattijo mai shekara 69 ya rasu a watan Maris bayan doguwar tuhumar 'yan sanda. Havel na tsare tun Janairu, a ciki ya rubuta takardar neman saki wadda a cikinta aka samu abin da hukuma ta yi amfani da shi, da aka sake shi a watan Mayu suka baza a jarida cewa ya ajiye muƙamin mai magana da yawun Charta. Shi da kansa ya rubuta irin kunyar da abin ya jefa shi, shekaru tana cinsa. Wannan fa Havel ne, yana ɗan shekara 40, da abokai a gida da waje. In shi ƙafarsa ta zame a ɗakin tuhuma, me ya sa kake son dattijon da tun asali ba ɗan siyasa ba ne ya zama dutse?

Bashir: Amma me ya yi bayan nan Malam? Ya koma fagen. Suka kafa kwamitin kare waɗanda ake zalunta a 1978, a 1979 aka yanke masa shekara 4 da rabi, an ba shi damar ficewa Amurka ya ƙi, bai fito ba sai 1983 da ciwon huhu ya kusa kashe shi. Shi ya biya bashinsa. Hrabal ko sa hannu a Charta bai yi ba.

Zainab: Yaya Bashir zuwa 1989 waɗanda suka sa hannu ba su kai 2,000 ba a ƙasa mai mutum miliyan 15. In rashin sa hannu cin amana ne to kusan ƙasar gaba ɗaya ka yanke wa hukunci

Anti Rabi: A'a Zainab, ba ɗaya ba ne. Mai sayar da kayan miya da ya yi shiru daban, wanda duk ƙasa ke sauraron bakinsa daban. Mawaƙi Jaroslav Seifert ya girmi Hrabal da shekara 13, ga rashin lafiya, amma ya sa hannu. Tsufa ba hujja ba ce.

Baba Ɗanladi: Ina ta karanta ku tun ɗazu 'ya'yana. Ni kalmar cin amana ce ban yarda da ita ba. Cin amana shi ne ka kai sunan wani, ka sa a kama shi, ka tsaya kotu ka ba da shaida a kansa, kuma cikinku ba wanda ya kawo cewa Hrabal ya yi ko ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya ji tsoro ya sunkuya, kuma bai ɓoye ba, bayan faɗuwar gwamnatin ya rubuta a kan tsoron nasa da hannunsa. Wannan rauni ne, ina kiransa rauni, ba na wanke shi. Sannan ku duba yadda wanda ya sha ɗaurin ya ɗauke shi. Havel ya zama shugaban ƙasa Disambar 1989, a Janairun 1994 da Bill Clinton ya zo Prag, mashayar da Hrabal ya saba zama Havel ya kai shi, suka zauna teburi ɗaya da Hrabal. Wanda ya fi kowa haƙƙin riƙe shi a zuci bai riƙe ba.

Anti Rabi: Baba yafiyar Havel tasa ce shi kaɗai. Ba zai yafe a madadin waɗanda 'ya'yansu aka hana shiga jami'a saboda uba ya ƙi yin irin hirar nan ba.

Baba Ɗanladi: Haka ne 'yata, wannan ba ni da amsarsa.

Bashir: To Baba na ji batun kai suna, zan bar wa masu kai rahoto waccan kalmar. Amma rauni ma ya min sauƙi da yawa, don shi raunin nasa ya samu lada a kai, wasu suka ci gaba da hura tukunya har 1989.

Yaya Nura: Kafin ka rufe shafinsa Bashir ka nemo littafin mai injin matsa takardar nan, ɗan siriri ne, zama biyu ka gama. Ka tabbata cikakken ka samu, ba wanda aka datse aka cakuɗa da wani rubutun aka fitar a 1981 ba. In ka gama ka dawo mu ɗora.