Babanmu yana faɗa a cikin barci, tafiyarsa kuma ta canza

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Babanmu ya haura sittin, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Ya daɗe yana kai naushi da shuri cikin barci, har ya taɓa fasa wa Hajiya leɓe. In an tashe shi sai ya ce ɓarayi yake kora a mafarki. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Yanzu kuma ƙanwata ta lura in zai tafi masallaci hannunsa na dama ba ya lilo, takunsa ma ya gajarce. Shi dai cewa yake tsufa ne. Akwai alaƙa?

Mai Shayin Obalende:
Allah ya ba Baba lafiya. Wanda ya yi shekaru yana ɗaga buhu ai dole kafaɗa ta sage. Sanyin ƙashi ne, a gasa masa.

Nas ta Idi-Araba:
Wa'alaikumussalam. Malam mai shayi, sanyin ƙashi ba ya sa mutum dambe da dare. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan taka wa gaɓoɓi birki, don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In birkin ya lalace, abin da Baba ke yi ke nan. Likitoci a Minnesota ta Amurka suka fara bayyana wannan larura a 1986. Wani bincike na 2019 ya bibiyi masu ita 1,280, ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 sun kamu da cutar Parkinson (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar hannu da nauyin motsi) ko danginta, kamar wani nau'in ciwon mantuwa, cikin shekara 12.

Mutane rawar hannu suke jira, alhali sau da yawa tafiya ce ke fara tona asiri. Ku duba in zai juya: lokaci guda yake juyawa, ko sai ya tattaka? Yana jin ƙanshi? Bayan gida na masa tauri? Waɗannan ma suna cikin alamun farko na cutar.

Ku ɗauki tafiyarsa a bidiyo, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na LUTH ko na LASUTH da ke Ikeja, da duk maganin da yake sha. Wasu magungunan ciwon damuwa, da munsharin da numfashi ke tsayawa, kan kawo irin wannan, gwajin barci ne zai bambance.

Ɗan Agege:
Ikon Allah! Anti, tun bara yake faɗan albasar yanzu ba ta da wari, muna ta dariya.

Nas ta Idi-Araba:
Wannan ma ku gaya wa likita. Kafin nan a sauke masa katifa ƙasa, a kawar da tebur da kwalabe, Hajiya ta koma wani gadon.