Wa ya taɓa cin gadon tangaran mai siffar kaza ko kabeji? A zo a ba mu labari

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman wanda ya san kan abun nan. Bayan arba'in ɗin Goggonmu (Allah ya jiƙanta) muka buɗe kabet ɗinta a unguwar Gangare a Jos, can bayan jeren fanteka da samiru sai ga wani tangaran an yi shi kamar kaza ta kwanta a kan ƙwai, kazar ita ce murfin, ƙasan kuma kamar saƙar kwando. Tun muna yara mun san shi amma ko taɓawa ba a bari mu yi, sai ranar sallah take zuba mana dafaffen ƙwai a ciki. Mijinta kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Rayfield, da Baturen zai koma gida ya bar masa. To jiya wani mai yawon sayen tsoffin kaya ya gani ya taya dubu 15, ban ma buɗe baki ba ya ce 25, wallahi wannan saurin ƙarin shi ya sa jikina ya yi sanyi na ce sai na yi shawara. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Goggo. Hajiya kar ki saki tukuna, ki kifa shi ki duba gindinsa, duk labarin tangaran a gindi yake. Ni gwanjo nake kawowa shekara da shekaru, kuma cikin kwalayen kwanuka ana samun irinsu jefi-jefi. In kin ga an rubuta microwave safe ko dishwasher safe to ki kwantar da hankalinki na zamani ne, ba a irin wannan rubutun a zamanin Turawan kuza. In kin ga W. Germany to kafin 1990 aka yi shi, kafin Jamus ta haɗe. In kuma Made in Occupied Japan ne, wannan na 'yan shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ne, daga 1952 an daina buga shi. Na Ingila galibi za ki ga sunan kamfani da Staffordshire, yankin da ya yi suna da tangaran kenan. Sannan ki ɗaga shi da yatsa uku ki ƙwanƙwasa da farce, mai lafiya zai yi ƙara tinnn ya ɗan daɗe, mai tsagu a ɓoye sai ki ji ƙwas kamar an bugi ƙwarya.

Anti Rabi Rikkos:
Kai ni dai wannan zancen fama min ciwo yake yi. Namu kabeji ne, kore shar da jijiyoyin ganye da komai, in kin ajiye shi a kasuwar Farin Gada cikin masu kabeji sai an taya. Da murfinsa da farantinsa da ɗan ludayinsa. A gindin akwai hoton kwaɗo cikin da'ira da rubutun Portugal, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba nake zuba miyar ganye ciki in baƙi sun zo, har rannan yarinyar da ke tayani aiki ta saki murfin a wajen wanke-wanke ya rabu biyu, na sa super gulu na liƙe abuna. Sai da ɗiyata da ke karatu ta ɗau hoton tambarin ta saka a Google Lens muka gane Bordallo Pinheiro ne, kamfanin Fotugal da aka kafa tun 1884, kabejin nan shine abun da aka san su da shi. Wanda ya zo gani daga baya yana ɗaga murfin ya hango layin gulun ya ce Hajiya ai kin gama da shi, abun da ya taya ko kuɗin cefanen sati bai kai ba. Na ce a'a bar min kayana. Yanzu yana nan saman shokes ina kallonsa yana kallona.

Baban Sadiq:
Anti Rabi ki rage jin haushi, kamfanin har yau suna yin kabejin nan sabo fil ana sayarwa, ba kowane mai kwaɗo ne tsoho ba. Amma gaskiya ne liƙi yana kashe farashi, da gutsurewar baki, da rashin murfi.

Malam Iliya daga Abuja:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga na Turawa, dan abun da ya fi ƙona min rai na gida ne. Mahaifinmu ya yi aikin gwamnati a Suleja tun ana ce mata Abuja, ya bar mana wata tukunya mai murfi da hannu biyu, nauyi gare ta kamar dutse, launinta baƙi-baƙi da ɗan ruwan ƙasa tana sheƙi, a jikinta an zana ƙadangaru da kifi. Shekara nawa uwargida tana zuba gishiri a ciki. Rannan wani abokina malamin zane ya zo cin abinci, yana hango ta ya ajiye cokali ya ce Iliya kawo min waccan. Ya juye gishirin a leda, ya kifa ta, ya goge da gefen riga, sai ga ɗan tambari kamar na zobe an danna shi tun yumɓun yana ɗanye, an rubuta Abuja da ajami. Ashe kayan makarantar tukwanen nan ne da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wajen. Eh wannan dai matar da ke bayan naira 20 tana ginin tukunya, ta rasu 1984. Ni kam har na fara lissafin fili a zuciyata, dan na ji tukwanenta a Landan dubban fam ake sayensu wajen gwanjon masu tarin kaya. Sai abokin nawa ya ce tsaya, nemi tambari na biyu. Ashe kowane magini a wajen yana danna haruffan sunansa kusa da na Abujan, nata LK ne. Muka haska da tocilan waya, wasu haruffa ne daban. To ba tata ba ce, ta wani abokin aikinta ce, tana da masu so amma ba irin wancan kuɗin ba. Duk da haka gishiri ya koma roba tun daga ranar.

Ummi 'yar Bukuru:
Baba Iliya ai ko haka ma ka yi sa'a, mu namu 'yan jari bola aka ba wa haɗe da tsoffin langa da risho aka karɓi bokitin roba biyu. Butar shayi ce mai siffar ɗan gida da taga da ƙofa, rufin gidan shine murfi. Kakata har ta rasu tana mitar butar nan.

Dakta Hauwa:
Abu ɗaya nake so in ja kunnenku a kai tunda naga ana ta maganar zuba miya da gishiri. Tsoffin tangaran masu kala mai ɗaukar ido, musamman ja da ruwan lemo da rawaya, da yawa akwai dalma a cikin sheƙin da aka shafa musu. In jikin ya yi 'yan tsage-tsagen nan kamar yanar gizo-gizo, ko kuma aka zuba abu mai tsami irin zoɓo ko kunun tsamiya ko miyar tumatir, dalmar tana narkewa ta shiga abinci. Kun dai tuna abun da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu, kodayake wancan daga haƙar zinare ne kuma ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce kuma yara ta fi kamawa. Ni wanda na gada wajen Inna mai siffar kifi ne, makullai nake zubawa a ciki.

Alhaji Sani Katako:
Ni ɗan kasuwa ne bari in faɗa muku yadda muke yi kar a ce na ɓoye. In mutum ya ƙara kuɗi da kansa ba a ce masa albarka ba, to ya ga wani abu, ko kuma yana zaton ya gani, dan mu ma muna faɗawa rami. Na taɓa sayen wata agwagwa ta tangaran da tsada saboda ta yi dauɗa ta yi kamar tsohuwa, ina zuwa shago yarona ya nuna min layin haɗi daga baki har wutsiya ko gogewa ba a yi ba, ga sauran gam ɗin sitika a gindi. Irin ta Chana ce ta cika kasuwar Terminus. Wani abun kuma, yaran yanzu sai su buɗe eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, su nuna maka an sa dala ɗari kaza su ce nasu ma haka, alhali wannan kuɗin da mai kaya ya sa ne, kowa na iya sa abun da ya ga dama. A duba wanda aka riga aka sayar, nan ne gaskiya take. Kuma ko an ga farashin a cire kuɗin aikawa da haɗarin fashewa a hanya. Sai kuma dan girman Allah a bambance tangaran ɗin kicin da kayan tono. In wani ya kawo maka kan mutum-mutumi na jan yumɓu ya ce daga wajen Nok ko Kwoi aka haƙo, kar ka taɓa, doka ta hana cinikinsa da fitar da shi, na hukumar gidajen tarihi ne. Mai son ya buɗe ido ya shiga gidan tarihi na Jos, tun 1952 yake nan, akwai ɓangaren tukwane guda na ƙabilu daban-daban.

Anti Rabi Rikkos:
Na manta ban faɗa ba, Maman Ilham kar ki kuskura ki sa masa haifo ko soson ƙarfe wai ki fito da haskensa, ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi kawai, ki shimfiɗa tawul a cikin baho kafin ki fara. Kuma da hannunki, kar ki aiki kowa. Na gaya miki dai.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na kifa ta yanzu, akwai Made in England da wani suna a sama amma ya goge rabi, harafi uku kawai nake iya karantawa. Na ƙwanƙwasa kwandon ya yi tinnn ɗin da Baban Sadiq ya ce, kazar ce dai naga ƙoƙon kanta ya ɗan gutsure ta gefen hagu, kuma ina ganin ni ce ma na yi wannan ɓarnar wata sallah ina 'yar shekara bakwai, Goggo ta yi ta tambaya na yi shiru. Mutumin ya sake kira da safe ya ce 30. Yaya Babba ya ce ba mai sayar da komai sai an gama rabon gado, to na naɗe ta da tsohon zanen Goggon na tura ƙarƙashin gado. Baban Sadiq anjima in an kawo wuta na yi caji zan turo maka hoton tambarin ka duba min haruffan.