Wai me za mu kira "pivot" da Hausa?

Jama'a ina neman taimako a kan kalma ɗaya. Muna haɗa ɗan darasi da Hausa saboda matasan da ke koyon harkar kamfanonin fasaha a nan Jos, to kalmar pivot ta tsaya mana, duk wanda ya tashi bayani sai ya ce "fibot" ya wuce, yara su gyaɗa kai alhali rabinsu ba su gane komai ba.

Bari in faɗi abin da ake nufi da ita tukuna. Kamfani ya fito da wani abu, ya kai kasuwa ya ga ba ya ci, amma a cikin abin da ya gina akwai wani ɓangare da mutane suke so, sai ya saki sauran ya riƙe wannan. Instagram da farko Burbn ake ce masa, manhaja ce ta nuna inda kake, cike da tarkace, masu ita suka lura hotuna kawai mutane suka damu da su, suka watsar da sauran suka fito da Instagram a Oktoban 2010, zuwa 2012 Facebook ya saye shi dala biliyan 1 ma'aikatansu 13 kacal. Na gida kuma ga Gokada, kamfanin da ake kiran ɗan acaɓa ta manhajarsa: da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a Fabrairun 2020, babura na nan, direbobi na nan, manhaja na nan, sai suka koma kai saƙo da abinci maimakon ɗaukar fasinja. Mu mutanen Jos ai ba sai an yi mana dogon bayanin hana acaɓa ba.

To ga abin da aka kawo min zuwa yanzu.

Wani ɗan'uwa ya ce sauya sheƙa. Haba malam, kana faɗin haka kowa zai tambaye ka daga wace jam'iyya zuwa wace. Kuma ko an cire siyasa, mai sauya sheƙa ya bar gidan ne gaba ɗaya, shi kuwa mai pivot yana nan cikin gidansa da mutanensa.

Wata Hajiya ta ce sake lale. Wallahi na so wannan, tana da daɗi a baki. Sai dai Hajiya in an sake lale ai an tattara kartar duka an koma farko, babu abin da ya rage a hannun kowa, ita kuwa kalmar pivot duk sirrinta yana wurin abin da ka riƙe. Masu Slack wasan kwamfuta suke ginawa mai suna Glitch, bai karɓu ba suka rufe shi a 2012, amma ba su fito hannu rabbana ba, sun riƙe 'yar manhajar hirar da suka ƙera don aikinsu na cikin ofis, ita ce ta zama Slack ɗin da kamfanin Salesforce ya saya sama da dala biliyan 27. Da sake lale suka yi da ita ma ta bi ruwa.

Canza salo ta yi sauƙi da yawa, ko kalar tambari ka canza ai ka canza salo. Shan kwana kuma sai ka ji kamar zame wa mutane aka yi.

Ni wadda ta kwanta min ita ce sauya akala. Raƙumin shi ne dai, kayan da ke bayansa su ne dai, mai ja shi ne dai, inda aka dosa ne kawai ya canza. Wani yaro ya ce min yallaɓai mu fa 'yan Jos ne, a ina muka taɓa riƙe akalar raƙumi? Na ce ba sai ka riƙe ba, kullum kana jin ta a labaran rediyo kuma kana ganewa, ya fi a ƙago wata sabuwa da sai an yi mata sharhi kafin a yi sharhin abin da take nufi.

Akwai wani malaminmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, da ya ce me zai hana juya akala, tunda juyawa ake yi. Malam, a gafarce ni, matsalar ita ce an riga an ba ta wani aiki, in aka ce wane ne ke juya akalar kamfanin, ana nufin shi ne wuƙa shi ne nama. Karkata akala kuma daidai take amma ba ta tsayawa ita kaɗai sai ka faɗi zuwa ina. Don haka a darasin za mu rubuta: "kamfanin ya sauya akala", in kuma za a ambaci inda aka nufa, "TeamApt sun fara a 2015 suna rubuta wa bankuna manhaja, daga baya suka karkata akala zuwa masu POS da 'yan kasuwa, shi ne Moniepoint ɗin da kuke gani a kowane shago a kasuwar Terminus".

Inda abin zai yi mana amfani sosai wurin masu harkar bidiyo ne, don su ne suka fi cin zalin kalmar. Ka bar TikTok ka koma YouTube da barkwancinka iri ɗaya, wannan sauya sheƙa ce, kuma can za ka tarar sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kafin a fara raba kuɗin talla da kai. 'Yar'uwar da ta tara mata suna kallon girkinta, ta ga kuɗin kallo ba ya biyan ko data, ta koma sayar musu da yaji da kayan ƙamshi da ajin koyon girki a WhatsApp, ita ce ta sauya akala, mabiyanta da amanar da suka ba ta suna nan, hanyar shigowar kuɗi ce ta canza. Wanda kuwa jiya wa'azi yau rawa gobe kirifto, kowane wata da sabon shafi, don Allah kar ya ce mana fibot yake yi, sunan wannan bin yayi, kuma shi ya sa za ka ga shafi mai mabiya rututu amma in an saka bidiyo ba mai kallo, saboda waɗanda suka biyo ka don dariya ba su zo sayen fili a unguwar Rayfield ba.

Sai dai har yanzu akwai wurin da ban gama yanke hukunci ba, masu fim ɗinmu na Jos da Kano da kasuwar faifai ta mutu suka koma fim mai dogon zango a YouTube. Wuri ya canza, tsarin fim ya canza, mai biya ma ya canza daga mai sayen faifai zuwa mai talla, amma jarumai da masu kallo su ne dai. Ni na fi karkata ga akala ce. Masu sana'ar da ke cikinmu ku faɗa mana yadda ku kuke kiran abin a tsakaninku kafin mu naɗi darasin ranar Asabar.