Libarba mai arha: shin da babu gara ba daɗi?

Alhaji mai albasa, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Masu bindiga a Amurka sun daɗe suna jayayya a kan ƙananan libarba masu arha, irin masu cin ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, waɗanda ake yi wa laƙabi da bindigar daren Asabar. Wasu na cewa tarkace ne, wasu na cewa da babu gara ba daɗi, kuma ni ina tare da na biyun. Mai kuɗi zai sayi ƙirar Smith & Wesson ko Colt, amma talakan da ke kwana a unguwar da ɓarayi ke yi wa dirar mikiya, wannan ce kaɗai aljihunsa zai ɗauka, don haka duk dokar da ta hana mai arha, talaka ta kwance wa makami.

Baba tsohon soja, Agege: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a kai ga talaka, a fara duba ƙarfen. Yawancin waɗannan libarba, musamman na kamfanin Röhm na Jamus masu tambarin RG, ba da ƙarfen kirki ake zuba jikinsu ba, da gaurayen tutiya ne, wanda ke narkewa ƙasa da digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙarfen bindigar gaske sai ya haura digiri 1,300. Shi ya sa wasu jihohi irin su Illinois da Minnesota suka kafa doka a kan zafin da jikin bindiga zai jure kafin a sayar da ita. Amma abin da ya fi damuna shi ne gidan harsashin nan mai juyawa: dole kowane rami ya tsaya daidai saitin bututu kafin kunama ta saki, kuma idan haƙoran da ke juya shi suka cinye, sai harsashi ya goge gefen bututu ya watsa ɓarɓashin darma a hannun mai harbi da fuskar na kusa da shi. Ga shi harsashin .22 maganin tashinsa a gefen gindi yake, kuma ya fi manyan harsasai yawan ƙin tashi.

Alhaji mai albasa, Mile 12: Baba, Allah ya ƙara girma, amma tarihi bai goyi bayanka gaba ɗaya ba. A ranar 30 ga Maris 1981, John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan a ƙofar otal ɗin Hilton da ke Washington da Röhm RG-14, wadda ya saya a wani shagon jingina a Dallas. Harsashi shida ya saki cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, babu wanda ya ƙi tashi, mutum huɗu suka jikkata, kuma James Brady, kakakin Shugaban, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Wannan ce ake kira tarkace?

Baba tsohon soja, Agege: Alhaji, ai hujjata ka kawo mini har gida. Hinckley maharin ne, shi ya zaɓi rana da wuri, ya matso kusa, ya harba. Irin wannan aiki kowace bindiga tana iyawa, domin sanatan Amurka Robert Kennedy ma da libarba .22 ta Iver Johnson aka kashe shi a 1968. Mai kare gida kuwa ajiye ta yake yi shekara da shekaru a ƙarƙashin katifa, a gari mai laima kamar Legas inda tsatsa ba ta barin ƙarfe, ba ya gwada ta, sannan ya ɗauko ta cikin duhu hannu na rawa. Mai arha ta fi yi wa wanda zai yi ɓarna ya jefar da ita amfani fiye da wanda zai dogara da ita.

Malama, Idi-Araba: Baba, na yarda da kai a kan ƙarfe, amma Alhaji yana da gaskiya a wuri guda. A 1879 jihar Tennessee ta hana sayar da ƙananan bindigogi sai samfurin sojan ƙasa da na ruwa, masu tsada, kuma masana tarihi da dama na ganin baƙaƙen fata da talakawa aka nufa. Haka dokar bindigogi ta tarayyar Amurka ta 1968 ta hana shigo da irin waɗannan libarba daga waje, sai Röhm ya koma aika sassa ana haɗawa a Miami, wato dokar ba ta rage su yadda aka zata ba.

Barista, Obalende: Iyayena, ina roƙon a dawo gida. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, libarba da fistol suna rukunin haramtattun makamai ne, ajinsu ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta, kuma lasisinsu a hannun Shugaban Ƙasa yake. Bindigar farauta ce ake nema wajen Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma wajen Kwamishinan 'yan sanda. Wanda aka kama da libarba ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma alƙali ba ya tambayar nawa aka saye ta. Mai arhar da ke yawo a nan kuma ba Röhm ba ce, ƙirar maƙera ce da babu wanda ya gwada ƙarfin bututunta.

Alhaji mai albasa, Mile 12: Barista, ba na sayen komai, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya. Amma ban janye ba: a ƙasar da doka ta yarda a mallaka, farashi bai kamata ya zama shinge ba. Baba, idan mai arhar ta tsallake gwajin zafi da na saiti, za ka yarda talaka ya riƙe ta?

Baba tsohon soja, Agege: Idan ta tsallake, Alhaji, to an zuba mata ƙarfen kirki an kuma biya mai gwaji, kuma daga nan farashinta ya bar inda kake magana. Ka nuna mini wadda ta haɗa biyun, sai mu ci gaba.