Neman shawara: An dakatar min da tallafin karatu bayan rasuwar mahaifiyata, ta ina zan fara?

Maman Nabila:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi digiri na biyu a nan Amurka, ko suka san yadda ofishin tallafin kuɗin karatu yake aiki.

Ina mastas a fannin lafiyar al'umma, yanzu na gama shekarar farko. Ina da takardar zama ta dindindin, don haka na cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kuma da bashin gwamnatin tarayya nake biyan makaranta, sai ɗan rangwamen da sashenmu ya yi min. Zangon farko na ɗauki kwas uku, kowanne kiredit 3 (ma'aunin nauyin kwas), na samu B+, B da B. Zango na biyu ma uku na ɗauka, sai a watan Maris Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Kano bayan jinya. Na tafi gida, kafin in dawo karatu ya yi min nisa. Na janye daga kwas biyu, aka sa min W, alamar janyewa, na ukun kuma, wato na ƙididdigar lafiya, na lallaɓa na fita da C.

Makon jiya ofishin tallafi suka turo min saƙo cewa ban cika sharaɗin ci gaban karatu ba, abin da suke kira SAP, saboda haka ba za a sakar min kuɗin zango mai zuwa ba. GPA ɗina, wato matsakaicin makina, 2.8 ne, su kuma 3.0 suke so. Suka ce kuma abin da na kammala bai kai kashi 67 cikin 100 na abin da na yi wa rajista ba. Sun ce ina iya rubuta takardar neman a sake duba lamarina.

Abin da ya ɗaure min kai, wata ƙawata a wata jami'a gargaɗi kawai aka yi mata, kuɗinta bai tsaya ba. Ni me ya sa ba a gargaɗe ni ba? Sannan suna neman hujja, mu kuwa ba mu karɓi takardar shaidar mutuwa ba, ranar da ta rasu ranar aka kai ta. Maigidana yana ganin in huta zango ɗaya in dawo. Don Allah wanda ya sani ya taimaka min.

Anti Hajiya, Ohayo:

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙurin rashi.

'Yata ki kwantar da hankalinki. Na daɗe ina aiki a irin wannan ofishi kafin in yi ritaya, kuma lamari irin naki shi ne dalilin da ya sa aka buɗe ƙofar sake dubawa tun farko. Dokar tarayya da kanta ta ambaci rasuwar ɗan uwa, da rashin lafiya ko raunin ɗalibi, a cikin dalilan da makaranta za ta iya karɓa.

Maganar gargaɗi, ba wai an ware ki ba ne. Gwamnati ta bar wa kowace jami'a zaɓi: ko ta riƙa duba sakamako ƙarshen kowane zango, ko sau ɗaya a shekara. Mai dubawa kowane zango ita kaɗai aka yarje wa ta sa ɗalibi a matakin gargaɗi, ta ci gaba da ba shi kuɗi na zango ɗaya. Mai dubawa shekara-shekara ba ta da wannan matakin, daga lafiya lau sai dakatarwa. Ga dukkan alamu taku ta biyun ce, ta ƙawarki kuma ta farkon.

Yanzu takardar. Abu biyu kwamiti yake son gani, kuma mutanenmu sukan cika shafi da na farko su bar na biyu. Na farko, me ya faru, kuma yaushe. Ki rubuta ranar rasuwa, ranar tafiyarki, ranar dawowarki, da ranar da kika janye daga kwasa-kwasan, yadda mai karantawa zai ga sun hau kan juna. Ki nuna musu cewa zangon farko, lokacin da kike cikin natsuwa, kin ci duk abin da kika ɗauka kuma GPA ɗinki ya haura 3.0. Wannan babbar hujja ce gare ki.

Na biyu, me ya canza da zai sa abin ba zai maimaitu ba. A nan ake faɗuwa. "Zan ƙara ƙoƙari" ba ya wadatar da su. Ki faɗi kwas nawa za ki ɗauka, waɗanne ne, wa zai riƙe miki yarinya ranakun aji, ko kin rage awannin aiki, ko kin yi rajista da masu koyar da ƙididdiga na makaranta. In kina ganin masu ba da shawara kan damuwa saboda rashin da aka yi, ki faɗa, babu abin kunya a ciki, kuma yana ƙara wa takarda nauyi. Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa ɗaya da rabi.

In sun amince, za su sa ki a zaman gwaji na zango ɗaya, ko su rubuta miki tsarin karatu da za ki bi har ki koma kan layi. Ki karanta shi da kyau kafin ki sa hannu. Na ga wanda aka rubuta masa ba W ko ɗaya, ya janye daga kwas guda, kuɗi suka sake tsayawa.

Baban Sadiƙ, Tekzas:

Allah ya gafarta wa Mama. 'Yar uwa, na zauna na buga miki lissafin, kuma ramin bai kai zurfin da kike tsammani ba.

Kiredit 18 kika yi wa rajista, kin kammala 12. W ba ya shiga GPA, amma ana ƙirga shi cikin abin da kika ɗauka. 12 cikin 18 kashi 66.67 ne. Kin ga da ƙiris kika gaza. Wasu makarantu suna cika shi ya zama 67, wasu ba sa yi, sai ki duba abin da aka rubuta a ƙa'idarku.

GPA kuma, in ma'auninku irin wanda aka saba ne, B+ 3.3, B 3.0, C 2.0, jimillar makinki a kwas huɗu 11.3 ne. In kika ɗauki kwas biyu zango mai zuwa, kina buƙatar 6.7, wato A- da B, ki sauka daidai kan 3.0. B+ biyu ba za su kai ki ba, 2.98 za su ba ki. In uku kika ɗauka, B+ uku sun wadatar, amma B+ biyu da B ɗaya sun gaza. A kwas biyun nan kaɗai, kammalawarki za ta koma 18 cikin 24, kashi 75.

Ki sa wannan lissafin a cikin takardarki. Yana nuna musu zango ɗaya ya ishe ki ki gyara. Amma ki fara tabbatar da abu guda: shin sashenku yana karɓar C a kwas na dole? Akwai sassan da ƙasa da B sai an maimaita. In haka ne lissafin ya canza, domin maimaicin ma ana ƙirga shi a matsayin sabon ɗauka.

Malam Abu Hafsa:

Allah ya jiƙanta da rahama. Ni ra'ayina ya ɗan sha bamban, ku yi min uzuri. Wannan bashin fa mai ruwa ne, kuma na masu digiri na biyu ruwan yana fara hawa tun ranar da aka saki kuɗin, ba ya jiran a gama karatu. Mutum yana iya cin har dala 20,500 a shekara, kafin ya ankara kaya sun yi masa nauyi. Ni zuciyata ba ta taɓa natsuwa da shi ba, duk da na san malamai sun yi magana a kan halin lalura, kuma ba na zargin kowa.

Tunda abin ya tsaya da kansa, me zai hana ku zauna da maigida ku duba wata hanya? Yawancin jami'o'i suna da tsarin biya kashi-kashi a cikin zango, kuɗin rajista kaɗan ake biya, babu ruwa. In kina aiki a asibiti ko babban kamfani, ki tambayi ofishin ma'aikata ko suna biya wa ma'aikaci kuɗin karatu. Doka ta yarda a ba mutum har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire masa haraji a kai ba. Ni da haka na yi nawa, kwas ɗaya-ɗaya. Na daɗe, amma na fita ba a bina ko sisi. Shawarar maigidanki ta hutu ma ban ga laifinta ba, wanda ya yi rashin uwa yana buƙatar lokaci.

Anti Hajiya, Ohayo:

Malam, maganar ruwa gaskiya ce, kuma wannan hukunci ne da ita da mijinta za su yanke. Biya daga aljihu ma hanya ce sahihiya: in ta biya da kanta ta ɗaga makinta, cancantarta za ta dawo ba tare da roƙon kowa ba.

Amma hutu, a nan zan ja. Zama a gida ba ya goge komai. In ta huta zango ɗaya, ko shekara biyu, ranar da ta dawo 2.8 ɗin nan da kashi 66 suna nan suna jiranta. Ga kuma wani abu da ban faɗa ba ɗazu. Bashin da ta riga ta ci yana da sassaucin wata shida daga ranar da ɗalibi ya sauka ƙasa da rabin nauyin karatu. Da ta janye daga kwas biyu ta rage da kiredit 3, a jami'o'i da yawa ta riga ta sauka ƙasa da rabi, ke nan mai yiwuwa wata shidan sun fara tafiya tun lokacin. In ta koma aji da aƙalla rabin nauyi kafin su cika, za a mayar mata da su cikakku. In ta huta suka ƙare, takardar biya za ta fara zuwa. Maman Nabila, ki shiga studentaid.gov ki ga kamfanin da ke riƙe da bashinki, ki tambaye su wace rana aka rubuta miki.

Ko da hutun za ta yi saboda lafiyarta, ta shigar da takardar tukuna, sannan ta nemi izinin hutu a rubuce daga makarantar.

Ɗan Zazzau, Mishigan:

Allah ya jiƙan Mama, Aunty. Ni da bizar karatu nake, bashin tarayya bai shafe mu ba, amma sharaɗin 3.0 ɗin bai bar mu ba. Aikin taimaka wa malami da ke biya min kuɗin makaranta a kansa yake rataye.

Abin da zan ƙara, ofishi biyu ne, kuma ba lallai su yi magana da juna ba. Ofishin tallafi daban, makarantar karatun gaba da digiri daban. Da GPA ƙasa da 3.0, wataƙila su ma sun sa ki a nasu zaman gwajin, sannan rangwamen sashenku yana da nasa sharaɗin. Amincewar ɗaya ba ta ɗaure ɗayan. Ki nemi shugaban shirinku ki gan shi ido da ido, zuwa da kai ya fi aike. Sau da yawa ma sai da sa hannun mai ba ki shawarar karatu kwamitin tallafi zai karɓi tsarin da kika rubuta.

Mu da muka taso a gida wannan yana ba mu wahala. A jami'o'inmu da yawa maki 50, wato C, ci ne a digiri na biyu. A nan B ne matsakaicin da ake so ka riƙe, C ɗaya sai ka nemo A kafin ka rufe ta.

Ga masu biza irin tawa kuma: kada wanda ya janye daga kwas sai ya samu izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje tukuna. Sauka ƙasa da cikakken nauyi ba da izini ba yana iya taɓa rajistarka ta SEVIS, wato kundin gwamnati na ɗalibai masu biza, wannan kuwa ya wuce maganar kuɗi.

Maman 'Yan Biyu, Niyok:

Allah ya sa ta huta. Maganar takardar mutuwa, kada ta tayar miki da hankali, mun shiga irin wannan lokacin rasuwar Baba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa a Nijeriya, kuma ana iya nema bayan an yi jana'iza. Ki sa wani daga cikin yayyenki ya je ofishinsu na ƙaramar hukuma. In a asibiti ta cika, ya fara karɓo takardar likita, ita ke sauƙaƙa sauran. Ya ɗauki hoto mai kyau ya turo miki.

Kafin ta fito, ki tattara abin da ke hannunki: tikitin jirgi, hatimin shiga da fita a fasfo, takardun jinya, da saƙonnin da kika tura wa malamanki a lokacin. In sunan da kike amfani da shi yanzu ya bambanta da nata, ki haɗa da takardar haihuwarki don su ga dangantakar. Ki kuma yi musu bayani a layi biyu cewa a addininmu ba a jinkirta binne mamaci, shi ya sa takardar hukuma take zuwa daga baya. Ba kowa a kwamitin ya san haka ba.

Maman Nabila:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Yau na je ofishin da kaina. Sun ce sau ɗaya a shekara suke dubawa, kamar yadda Anti ta faɗa, kuma ba sa cika 66.67 ya zama 67. Alhamdulillahi C ɗin an karɓe shi, ba sai na maimaita ba. Na samu ganawa da shugabar shirinmu ranar Litinin. Malam, mun yi maganar da Baban Nabila, za mu shigar da takardar, amma zan tambayi wurin aikina batun tallafinsu don mu rage abin da za mu ci.

Saura tambaya ɗaya, Anti. Yayana ya ce takardar Hukumar Ƙidaya ba lallai ta fito kafin wa'adin ba. In jira ta, ko in miƙa abin da nake da shi? Kuma kwas biyu zan rubuta ko uku?

Anti Hajiya, Ohayo:

Kada ki jira, 'yata. Ki miƙa da takardar asibiti da tikiti da fasfo, ki rubuta a ƙasa cewa ta hukuma tana hanya kuma za ki kawo da zarar ta iso. Ki riƙe kwafin komai da shaidar ranar da kika miƙa. Ki tambayi ofishin biyan kuɗi ko za su riƙe miki rajistarki har kwamiti ya yanke hukunci, don kada a cire ki daga aji saboda rashin biya.

Kwas kuma, ni biyu zan ce, matuƙar kiredit 6 ya kai rabin nauyi a makarantarku, ki tabbatar da wannan ranar Litinin. Ki zaɓi ɗaya daga cikin biyun da kika janye, tunda kin riga kin san farkonsa, ki haɗa shi da wanda kike da ƙarfi a kansa. In kin rubuta takardar ki turo min ta akwatin sirri in duba miki kafin ki miƙa.