Wa ya taɓa gama gem bai san mutum ko ɗaya a cikinsa ba? Resident Evil 5 da ire-irensa

Ɗan Ɗorayi:
Salam 'yan uwa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji a YouTube ba. Kwanan nan ni da ƙanena muka sake buga Resident Evil 5 mu biyu a allo ɗaya, ni na riƙe Chris shi ya riƙe Sheva, kuma wallahi harbin yana nan da daɗinsa kamar yadda na san shi tun fitowarsa a 2009, amma da muka gama sai yaron ya ce min Yaya wai ita Sheva ɗin 'yar ina ce, su waye iyayenta, me ya kawo ta wannan aikin? Na rasa amsar da zan ba shi daga abin da muka kalla. Ka yi tafiya da mace tun daga garin Kijuju har cikin dutse mai aman wuta, ta ɗaga ka in ka faɗi, ta miƙo maka harsashi, amma duk labarin na Chris ne da neman tsohuwar abokiyar aikinsa Jill da gabarsa da Wesker, mugun gem ɗin. Ita da aka ce ƙasar kakanninta ce ake hallakawa ba a ba ta ko guri ɗaya da za ta tsaya ta gane wani gida ko wata unguwa ba. Shi kansa garin haka yake, an ce Afirka ta Yamma ne amma ban ga komai da zai nuna min mutane sun taɓa rayuwa a ciki ba kafin cutar ta zo. Wa ya taɓa jin irin wannan, a wannan gem ɗin ko a wani?

Mai shagon gem a Kurna:
Wa alaikumussalam. Ni da nake zaune a shago daga safe har dare ina kallon yara suna bugawa zan gaya maka abin da na lura. Gem ɗin da mutanensa suke da rai za ka ji yara suna kiran sunansu bayan an tashi, har a bakin mai shayi. GTA San Andreas tun zamanin PS2 har yau akwai masu zagin Big Smoke, abokin CJ jarumin gem ɗin, kamar wanda ya ci amanarsu su da kansu, saboda me? saboda ka ci abinci da shi a mota, ka san Sweet yayan CJ ne, ka san Kendl 'yar uwarsu ce, ka san CJ ya dawo gida ne saboda an kashe mahaifiyarsa, to ranar da ka gane Smoke da Ryder sun sayar da unguwa dole abin ya taɓa ka. Amma Resident Evil 5 yara suna ce mata "yarinyar nan" ne kawai, wa zai ɗau yarinyar, kai ɗau yarinyar. Ban taɓa jin wanda ya tambayi labarinta ba sai yau a bakin ƙanenka.

'Yar Gwammaja:
Yaya mai shago ka faɗi gaskiya. Ni rubutun littafi nake a waya, irin wanda ake turawa a WhatsApp shafi-shafi, kuma gem ɗin nan da yayana muka buga shi lokacin hutu, ni ce Sheva ko da yaushe. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne labarinta YANA NAN, sun rubuta shi, amma ban da 'yar maganar mutuwar iyayenta da take yi wa Chris a jirgin ruwa, sai ka shiga gurin takardu bayan ka buɗe su sannan za ka karanta cikakken labarin cewa iyayenta sun mutu tana yarinya a wata masana'antar kamfanin magani na Umbrella, ta shiga cikin 'yan tawaye, daga baya ta tafi Amurka ta yi karatu. Haba jama'a. Wannan ai shi ne labarin! Marainiyar da kamfanin magani ya cinye mata iyaye ta dawo da bindiga ta tarar wani kamfanin yana yi wa mutanenta irin abin da aka yi wa nata, in ni aka ba wa wannan wallahi sai na yi shafi ɗari ban gaji ba, su kuma suka ninke shi suka ajiye a inda yawancin masu bugawa ba sa leƙawa. A gurinmu masu karatu ba sa yafe maka wannan, in ka kawo kishiya ko uwar miji ba ka nuna abin da ya mayar da ita haka ba, a daren za ka ga saƙonni suna shigowa ana tambayarka. Mutum sai an ga abin da yake so da abin da yake tsoro da wanda yake jin kunya, sannan za a damu da shi. Sheva me take tsoro? ban sani ba. Wa take kira in ta koma masauki? ban sani ba. Kuma tun daga nan ba a sake ba ta wani babban labari a jerin gem ɗin ba.

Ɗan Fagge:
Ni fa gaskiya ban yarda da ku duka ba. Mutum ya biya kuɗin awa ɗaya a shago, ga layi a bayansa, ga shi ana iya ɗauke wuta ko wane lokaci mai shago ya ce man janareto ya ƙare, wa yake da lokacin sauraron tarihin iyayen wata? Ni da an fara surutu nake danna tsallakewa. Gem ɗin tsoro da harbi ne, an yi shi don zuciyarka ta buga, kuma ta buga, mai gatarin nan na farko da mai zarto ai har yau ina tuna su. In labari nake so sai in kalli fim.

Mai shagon gem a Kurna:
Ɗan Fagge ai ku ne kuke danne min madannin pad. Amma tsaya, kai ɗin da na san irinku, FIFA 17 da ta zo da labarin matashin ɗan ƙwallo Alex Hunter ba ku ne kuke hana a tsallake gurin da yake magana da kakansa ba? Ƙwallo ce fa, ba ta buƙatar labari ko kaɗan, amma da aka sa yaro mai uwa da kaka da uban da ya tafi ya bar su da aboki da suka zama abokan hamayya, sai ga ƙattai sun yi shiru suna kallo. Ba lokaci ne babu ba, abin kallon ne in babu shi ake tsallakewa.

Wani daga Hotoro:
Ni nawa Far Cry 2 ne, na 2008. Na buga shi a kwamfutar da na saya ta hannu, kuma ta wani ɓangaren ban taɓa ganin gem ɗin da ya kama yanayin ƙasa irin tamu kamarsa ba, ciyawa busasshiya da in ka cinna mata wuta iska ta kwashe ta ta cinye gangare guda, bindiga ta tsufa ta maƙale maka ana tsakiyar faɗa, mota ta lalace ka fito ka buɗe gaba ka gyara, ga zazzaɓin cizon sauro da yake kama ka allo ya yi rawaya sai ka haɗiyi ƙwaya. Duk wannan sun yi ƙoƙari. Amma ƙasar ko suna ba a ba ta ba, kuma ka yi ta tuƙi kilomita da kilomita ba za ka haɗu da mai noma ɗaya ba, ba mai kiwo, ba mace da tulu, ba yaro, duk wanda ka hango a hanya harbinka zai yi. Fararen hula sai a ɗan ɗakin ɓuya da kake kai musu takardun tafiya su ba ka maganin zazzaɓi, ka fita shi ke nan. Ƙungiyoyi biyu ne suke yaƙi, UFLL da APR, na yi wa wannan aiki na yi wa waccan aiki ana biyana da lu'ulu'u, har na gama ban iya bambance abin da kowacce take so ba. Na ji masu cewa da gangan aka yi haka don a nuna yaƙin ba shi da ma'ana. To na ji, amma yaƙi ai a kan mutane yake sauka, in ka cire mutanen me ya rage da zai ba ni tausayi? Mu nan mun ga 'yan gudun hijira da suka zo daga Borno, mun san yadda mutum yake in ya baro gidansa, yana da sunan garinsu a baki da lissafin wanda ya ɓace masa.

Ɗan Ɗorayi:
Na Hotoro ka tuna min wani abu. A Resident Evil 5 ɗin ma a yankin fadama akwai wata takarda da ake tsinta, littafin da wani saurayin ƙauyen yake rubuta abin da ya faru kullum, yana faɗin yadda mutanen kamfanin mai suka zo suka ce allurar rigakafi za su yi musu, daga nan yara suka fara mutuwa, maza suka canza hali, shi ma rubutun nasa yana ta lalacewa har ya daina ma'ana. Wallahi wannan 'yar takardar ta fi taɓa ni a kan duk bidiyon da ke cikin gem ɗin, kuma duk wanda ya girma a Kano ya san maganar allura da amana ba ƙaramar magana ba ce a gurinmu. Amma kana ajiye ta sai ga mutanen ƙauyen sun fito da masu da garkuwa da siket ɗin ciyawa suna ihu, ka harbe su ka kwashe abin da ke cikin tukwanensu ka wuce. Kuma abokan gabar Suwahili suke yi, harshen gabashin Afirka, a garin da aka ce yamma yake.

Malamin tarihi, Gwale:
Assalamu alaikum. Ni ba mai harbi ba ne, gem ɗin gina gari da yaƙin dabara nake yi in na dawo daga makaranta. A 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a Age of Empires III, a ƙarin da ake kira The African Royals, kuma ranar da na danna soja na ji ya amsa min da Hausa sai da na kira mai ɗakina ta zo ta ji. Akwai barade masu lifidi, akwai maharba Fulani, akwai maigadi, akwai kasuwar dabbobi da kake sayar da shanu, an sa jami'a ma. An yi bincike, wannan ba zan hana su ba. Inda nawa ƙorafin yake shi ne Sarauniya Amina, an ɗora ta a matsayin shugabar Hausawa amma fuska ce kawai a gefen allo da take jefo maka magana in kana yaƙi da ita. Macen da ake danganta wa ganuwa da yaƙe-yaƙe har zuwa Nupe da Kwararrafa, ga Zazzau ga Turunku, ba a ba ta yaƙin labari nata na kanta ba da za ka bi ta daga ƙuruciya zuwa sarauta. Na nuna wa ɗalibaina, sun ji daɗin ganin lifidi sosai, amma da na tambaye su me suka koya game da ita babu wanda ya ɗaga hannu. Kuma ku duba abin da yake kwance a nan cikin gari ba wanda ya taɓa, Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa, karofin Ƙofar Mata, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ayarin raƙuma daga Agadas, Dala da Barbushe. Mai gina duniyar gem da zai zauna wata ɗaya a Gidan Makama da cikin Kurmi yana sauraro ba zai rasa abin sawa ba.

'Yar Gwammaja:
Malam Allah ya ƙara basira. Don kar a ce kushe kawai muka iya, ni Assassin's Creed Origins na 2017 ya nuna min ana iyawa in an so. Bayek, jarumin gem ɗin, mutumin Siwa ne a Misira, an kashe ɗansa Khemu, kuma ba a takarda aka ɓoye wannan ba, duk inda ka je cikin hamada ka sami da'irar duwatsun nan sai ya zauna ya tuna hirar da suka yi da yaron a kan taurari, kana jin muryar yaron. Matarsa Aya ma tana da nata ra'ayin, baƙin cikin ya ja su hanya daban-daban har auren ya kasa ɗauka. Garuruwan kuma akwai masu wanki a bakin kogi, masu gasa burodi, masu jana'iza. Misira ce, Afirka ce ita ma.

Wani daga Hotoro:
Wanda ya yi muryar Bayek ɗin ma, Abubakar Salim, daga baya ya kafa nasa kamfanin ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, a kan yaron da yake neman dawo da ruhin babansa, kuma rasuwar mahaifinsa ce ta sa ya yi shi. Ƙaramin gem ne, ba shi da kuɗin waɗancan ko kusa, amma na gama shi na san waye Zau. Akwai kuma Aurion da 'yan Kamaru suka yi a 2016, shi ban kai ƙarshensa ba tukuna.

Ɗan Fagge:
To Malam ni dai har yanzu ina kan bakana a kan gem ɗin harbi, amma wannan na Hausawan ban san da shi ba. Yana hawa ƙaramar laftof mai ram 8 ko sai babba? Kuma Oga na Kurna in kana da Origins a PS4 ka ajiye min ranar Asabar bayan la'asar, zan zo in ga duwatsun da take faɗa.

Mai shagon gem a Kurna:
Akwai shi. Ka zo da wuri kafin 'yan ƙwallo su cika gurin, don in suka zauna ba mai tashinsu sai magariba.