Pistons da shan kashi 28 a jere: gajiya ce ko laifin koci?

Daga zauren WhatsApp na 'yan gidan kallo, a wani ƙauye kusa da Ringim

Dogo: Salamu alaikum. Maganar jiya a teburin mai shayi ba ta ƙare ba, kuma ina nan kan bakana. Abin da ya sa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Detroit Pistons ta sha kashi sau 28 a jere a kakar 2023/24 rashin juriya ne, ba koci ba. Wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, minti 48 ne a zango huɗu, wasa 82 a kaka, wani lokaci a buga yau a tashi gobe a buga a wani gari. Wanda bai ƙoshi da atisaye ba, zango na huɗu ƙafarsa ke mutuwa. Ku tuna wasansu da Boston, sun ba da ratar maki 21, amma aka kamo su aka cinye su 128 da 122 a ƙarin lokaci. In ba gajiya ba mece ce wannan?

Mai Gidan Kallo: Wa alaikumus salam. Dogo, Boston ɗin nan fa ita ta ɗauki kofi a ƙarshen kakar. Ba Pistons kaɗai ta kamo daga baya ba.

Dogo: To sauran 27 ɗin ma duk Boston ce?

Malamin Motsa Jiki: Dogo ƙanena, aikina ke nan a makaranta, don haka ba ni zan raina atisaye ba. Amma kwana biyu kafin wasan Boston sun kara da Brooklyn Nets, Cade Cunningham, tauraron Pistons, ya ci maki 41, kuma 37 daga ciki bayan hutun rabin lokaci ya ci su. Duk da haka aka cinye su. Mai ƙafa matacciya ba ya yin haka. Abin da kake gani kamar gajiya, yawanci cunkoso ne. Ƙungiyar ba ta da masu jifan maki uku da abokan hamayya za su ji tsoro, sai kowa ya bar mutuminsa ya taru ƙarƙashin kwando yana jiran Cade. Duk shigar da zai yi, mutum biyu ko uku ne a gabansa. A haka ake zubar da ƙwallo, in an zubar kuma dole a koma gida da gudu. Kai ka yi ta gudun gyaran kuskure, abokin karawarka yana gudun cin maki. Gajiyar ta zo, ban musa ba, amma daga baya ta zo.

Auta: Malam ya shigo da alli da allo. Yaya Dogo sai ka nemi benci.

Dogo: Kai Auta yi mana shiru, manya na magana. Malam, ranka ya daɗe, to ai ka wanke koci ke nan. Rashin masu jifa laifin masu sayen 'yan wasa ne. Kuma Monty Williams, kocin Pistons a lokacin, ba ƙaramin koci ba ne, ya kai Phoenix Suns wasan ƙarshe a 2021, ya zama gwarzon koci a 2022 da nasara 64. Dare ɗaya ya manta aikin?

Mai Shayi: Ni abin da ya tsaya min a rai kuɗin ne. Dala miliyan 78.5, shekara shida, ya ci wasa 14 ya faɗi 68, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Allah Ka ba mu irin wannan korar.

Mai Gidan Kallo: Amin. Amma Dogo, ban wanke shi ba ni kam. Ni ke kwana da janareta ina kallon wasannin nan ƙarfe ɗaya na dare lokacin kuna munshari. Farkon kaka ya ajiye Jaden Ivey a benci yana fara wasa da Killian Hayes, Hayes ɗin da ƙungiyar da kanta ta sallama a watan Fabrairun 2024. Sannan yana da wata ɗabi'a, ya fitar da 'yan farko biyar gaba ɗaya ya zuba 'yan benci zalla. Kafin ya dawo da su wasa ya riga ya kuɓuce. Wa ya tilasta masa?

Malamin Motsa Jiki: Ka taɓo inda nake so. Ko shanun huɗa, in ka haɗa waɗanda tafiyarsu ba ta zo ɗaya ba, kunya za ta karkace, su kuma su jigata kafin hantsi, komai ƙoshinsu. Haɗin mutum biyar da rabon mintuna aikin koci ne. Kuma Dogo, ko da na yarda da kai cewa juriya ce, wa ke tsara atisaye? Wa ke cewa yau a matsa, gobe a huta? Masu kula da lafiyar jiki tare da koci suke aiki. Ba a raba su.

Dogo: Akwai rauni kuma. Cade wasa 12 kacal ya buga a kakar da ta gabaci wannan, aka yi masa tiyata a ƙwauri. Mutum ya yi kusan shekara a zaune, ka ce ba zai shafi numfashinsa ba? Ausar Thompson ma bai ƙarasa kakar ba saboda daskarewar jini.

Malamin Motsa Jiki: Na Cade na ba ka rabi. Na Ausar kuwa a watan Maris ne, an daɗe da gama jerin 28 ɗin tun ranar 30 ga Disamba da suka ci Toronto. Kuma wannan ciwo ne, ba lalaci ba.

Auta: Ni dai abin da na sani, kaka ta gaba sabon koci J.B. Bickerstaff ya zo suka ci wasa 44. Daga 14 zuwa 44. Sabuwar ƙafa aka dasa musu?

Dogo: Kai ma ka faɗa ramin. Ba koci kaɗai aka canza ba. An kawo Trajan Langdon ya karɓi ragamar sayen 'yan wasa, aka ɗauko Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley. Beasley shi kaɗai ya jefa maki uku sau 319 a kakar. Da Monty ya samu waɗannan, da wata maganar ake.

Mai Gidan Kallo: To ai kai ma ka bar maganar juriya ka koma maganar Malam ta masu jifa.

Dogo: Ban bari ba. Manyan 'yan wasa sun san yadda ake tattalin jiki a wasa 82, yara ba su sani ba. Duk abu ɗaya ne.

Mai Shayi: Dogo ba a kayar da kai ko an kai ka ƙasa. Ka zo da kuɗin shayin jiya tukuna, Malam ya ce bayan la'asar zai kawo ƙwallo filin firamare, za mu ga wanda zai kai zango na huɗu.

Dogo: Minti 12 sau huɗu, ba na 10 ba. Auta ya riƙe agogo.